Ɗan Gidan Wa Ne Kai?

Ku gyara zama, masu karatu, yau laifina zan faɗa da bakina tun kafin wani ya kawo muku shi da ƙari. Na san a cikinku akwai waɗanda kullum ni suke ba gaskiya a rigimata da mutanen gidanmu. To wannan karon ku ajiye goyon bayan nan a gefe, ban cancance shi ba.

Ga wadda yau ta fara leƙo mu, sana'ata rubuta wasan kwaikwayo, shekara tara ke nan da ita nake ci nake sha. Na faro da 'yan wasannin rediyo na minti goma sha biyar, irin waɗanda ake ba ki jigo ranar Litinin a ce ki kawo ranar Laraba. Daga nan na koma shirin talabijin mai dogon zango, inda na kashe mutum goma sha ɗaya, na raba aure shida, na kuma dawo da wani daga kabari saboda furodusa ya shirya da ɗan wasan da suka yi faɗa. Bana ne karon farko da aka karɓi wasana na dandamali, wanda za a yi a gaban mutane ido da ido, a babban zaure, da sunana ni kaɗai a jikin takardar talla. Shekara uku ina fama da shi.

Ina da wata ɗabi'a da duk marubuci zai gane. Kunnena ba ya hutu. In na ji magana ta yi mini daɗi, ko a mota, ko a layin asibiti, ko a tsakar gidanmu, sai in zaro waya in rubuta ta yadda aka faɗe ta. Gidanmu sun san hali. In ana hira na shigo, Umma kan ce, "Ku yi a hankali, ga na'urar ɗaukar magana nan." Goggo ce kawai ba ta taɓa ɗaukar darasi ba. Na taɓa kwashe faɗanta kaf na ba wata uwar miji a shirinmu, muna zaune muna kallo tare ta ja tsaki ta ce, "Wannan mata Allah ya shirye ta, baki kamar reza." Ƙanwata sai da ta fita waje ta yi dariyarta ta dawo. Tun ranar na sa a raina cewa mutum ba ya gane na gida a bakin ɗan wasa, kuma wannan tunanin ne ya kai ni ya baro.

Shi kuwa mutumin nawa, wanda ke neman aurena, shagon tabarau gare shi. Bara na je wurinsa da idona ya fara yaji saboda kwamfuta. Ya zaunar da ni, ya ce in karanta layin ƙasa, na karanta, na kuma gaya masa wanda ya jera haruffan nan bai iya tsara zance ba. Ya ce, "Malama, gwaji ne, ba labari ba." Daga nan aka fara. A gidanmu Likita ake ce masa. Kullum sai ya gyara musu cewa shi ba likita ba ne, kullum Umma sai ta ce, "To Likita, mun ji." Mutum ne mai sanyi, rigarsa fara ko ruwan toka, ba ya wuce nan. In zai faɗi magana mai nauyi sai ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga tukun. Ni kuma Marubuciya yake ce mini, ko a saƙo.

Umma ta ƙagu, ba ta ɓoyewa. Rannan tana ninke wanki a falo, ina zaune ƙasa da kwamfuta a cinya, sanye da tsohuwar doguwar rigar nan mai ruwan ƙasa da ta ce in ta sake ganina da ita za ta mai da ita tsumman goge-goge.

"Yaushe manyansa za su zo?"

"Umma, a bari a gama wasan."

"Wasa, wasa. Ashirin da tara fa, ba sha tara ba. Mutum ya same ki da gilashi kamar gindin kwalba ya ce ya ji ya gani, ke kina ta jan aji."

"Shi ya saka mini gilashin ai."

Abba daga bayan jarida ya ce, "Ku bar ta ta gama abin da ta fara."

Goggo, da ta zo kwana biyu ta shiga mako na uku, ta ce, "Ni dai ina jiye masa. Wa zai zauna da mace yana magana tana rubutawa?"

Duk muka yi dariya, har ni, alhali a lokacin na riga na aikata abin da take tsoro.

Ga yadda aka yi. Wata Asabar da la'asar na biya shagonsa ya ɗaure mini ƙafar gilashina da ta yi sako-sako. Ba kowa, sai fanka da ƙarar motoci daga titi. Yana sunkuye kan kanta da ɗan siririn abin ɗaure kusa, ni kuma ba na ganin komai sai dishi-dishi, sai na tambaye shi hoton dattijon da ke rataye a bayansa. Ya ce mahaifinsa ne, shekara huɗu da rasuwa. Malamin lissafi ne, irin wanda in ka kawo casa'in da takwas zai tambaye ka ina sauran biyun. A ƙarshen rayuwarsa ciwon mantuwa ya kama shi, wata takwas shi ne mai yi masa wanka da aski da yankan farce kafin ya fito shago.

Ya ajiye abin hannunsa, ya cire nasa gilashin ya fara gogewa.

"Da farko in na ce ni ne ɗansa sai ya firgita, ya ce a fitar masa da baƙo. Sai na daina. Kullum da safe in na gama sa masa riga sai ya dube ni ya ce, 'Samari, ɗan gidan wa ne kai?' In ce, 'Ɗan maƙwabta ne, Baba.' Sai ya kama hannuna ya ce, 'To ka gaya wa ubanka ya yi dacen ɗa. Ni nawa ba ya zuwa.'"



"Ban taɓa jin yabo daga bakinsa ba sai da ya manta ni," ya ce. "Mama ba ta sani ba, lokacin tana kicin. Ran da ya cika ni kaɗai ne a kansa. Da ta shigo ta tambaye ni ko ya gane ni, na ce mata ya kira sunana, ya sa mini albarka. Har yau kowa ya zo sai ta ba shi labarin. Da shi take rayuwa. Ko yayata ban gaya wa gaskiyar ba, ke ce ta farko."

Na yi kuka a shagon nan, kuka na gaskiya, har ya miƙo mini ƙyallen goge gilashi don ba shi da hankici. Amma ga abin da nake jin kunyar faɗa. Kafin motar da na shiga ta kai kwanar gidanmu, na rubuta maganar tsohon nan kalma da kalma a wayata. Na ce wa kaina don kar in manta abin da ya dame shi ne. Ƙarya nake, na san abin da na tsinta.

Wasan nawa labarin wani tsohon tela ne da ɗansa da suka yi shekaru ba sa ga maciji. Komai ya zauna sai fitowa ta bakwai, wurin da ya kamata zuciyar mai kallo ta karye. Sau tara ina sake rubuta ta. Darakta, wani dogon mutum mai tauna murfin biro, ya jefo mini takardun ya ce, "Fitowar nan ba jini a jikinta. Suna magana kamar masu karanta takardar magani." Saura mako biyar a buɗe zaure.

Na yi kwana uku ina buɗe wayar ina rufewa. A na huɗu na kwafe. Na bar tsohon a telansa, na mai da safiya yamma, na mai da sa riga ɗaure takalmi, na ce ai na ɓad da kama. Layuka ukun nan kuwa na gwada taɓa su, duk kalmar da na canza sai maganar ta mutu a hannuna, sai na bar su yadda suke. Na ce zan gaya wa mutumin nawa. Gobe, jibi, bayan ya ci abinci, in ya zo cikin nishaɗi. Haka har mako biyu.

Muna gwajin wasa a wani ɗaki ne da ke saman zauren, mai kujerun roba da farin tef a ƙasa da ke nuna iyakar dandamali. Tun tuni na ce masa duk Alhamis ɗin da ya samu sarari ya leƙo ya ga yadda muke aiki, bai taɓa zuwa ba, har na manta na faɗa. Wannan Alhamis ɗin ina zaune na ba ƙofa baya, fensir a hannu, mayafina ya zame kafaɗa saboda zafi. Mai tallar wasan na tsaye gefe tana ɗaukar 'yan wasa da wayarta kamar yadda ta saba. Dattijon da ke fitowa a tela ya zauna kan kujera, saurayin ya durƙusa yana ɗaure masa takalmi. Dattijo ya leƙa fuskarsa a hankali.

"Samari, ɗan gidan wa ne kai?"

"Ɗan maƙwabta ne, Baba."

Ya kama hannunsa da hannu biyu. "To ka gaya wa ubanka ya yi dacen ɗa. Ni nawa ba ya zuwa."

Mai kula da sutura ta juya tana share ido da bakin zane. Darakta ya cire biro daga bakinsa ya ce, "Yanzu muka samu wasa." Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya cika ni har wuya, irin daɗin da na yi shekara tara ina nema. Na juyo ina murmushi don in ga fuskokin mutane, sai na ga mutumin nawa a bakin ƙofa, rungume da katan ɗin ruwan sanyi da ya sayo mana.

Ya sunkuya ya ajiye katan ɗin a jikin bango, ya ɗaga wa Darakta hannu, ya sauka.

Na same shi cikin mota a ƙarƙashin bishiya, bai kunna ba. Na shiga na zauna, jakata a ƙirji.

"Dattijon nan ya iya," ya ce. "Har kamun hannun. Ke kika nuna masa?"

"Na rubuta a gefen takarda."

"Uhm."

"Na canza abubuwa da yawa. Na so in gaya maka, wallahi na so."

"Yaushe kika rubuta?"

Da na iya cewa daga baya ne, da na rasa mafita. Na ce, "A ranar. A mota."

Ya gyaɗa kai yana kallon gaba. "Ashe ina miki magana kina bakin aiki."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ba ta kaina nake ba, ni na ji kuma ban mutu ba. Mama ta ce in samar mata kujera a layin gaba. Ta kai ɗinki saboda ranar. Duk shirin da kika rubuta ta kalla, har maimaici, tana gaya wa maƙwabta surukarta ce."

"Ba lallai ta gane ba. Mutane ba sa gane..."

"Shekara arba'in da ɗaya suka yi tare. Duk namijin da bai sani ba Samari yake ce masa. A kalmar farko za ta gane." Ya juyo ya dube ni. "Ki cire, Marubuciya. Ban taɓa roƙon ki komai a kan aikinki ba."

Washegari da safe na tari Darakta a ofishinsa kafin kowa ya zo. Na gaya masa fitowa ta bakwai ba tawa ba ce, ta wani ce, na ɗauka ba da izini ba. Ya kwantar da kujerarsa baya ya ce duk marubuci ɓarawo ne, bambancin kawai wani ya iya sata wani bai iya ba. Ya ce mutanen talabijin da ke son sayen wasan saboda fitowar nan za su zo.

"Kin san in kika cire ta abin da ya rage? Wasa mai kyau, irin wanda ake tafa wa a manta kafin a kai gida."

"Na sani."

"Saboda saurayi?"

"Saboda wata tsohuwa da za ta zauna a layin gaba."

Ya tauna bironsa. Sannan ya ce sunana ne a takarda, ba nasa ba, in kawo sabuwa ranar Litinin, kuma kar in sa ran zai yi mini ƙaryar cewa ta kai waccan. Na fito na zauna a matattakala na yi kuka na biyu. Wannan karon na son kai ne, shekara ukuna nake yi wa.

Na tura wa mutumin nawa saƙo: "Na cire. Na goge daga wayar ma."

Shuɗayen layi biyu suka fito, alamar ya karanta. Yana rubutu, ya daina, yana rubutu, ya daina. Bayan minti ashirin: "Na gode."

Ko 'yar alamar nan ta fuska mai murmushi babu. A gida Umma ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Me kika yi wa Likita?" Ban tambaye ta yadda ta san ni ce mai laifin ba. Da yamma sai ga shi ya zo. Na zura baƙar abaya a kan kayan gida na fita, muka zauna a kujerun baranda, ƙanwata ta kawo shayi ta ƙi tafiya sai da na harare ta.

"Na yi fushi," ya ce. "Har yanzu da saura. Amma na san abin da kika ajiye, na ga fuskarki jiya kafin ki gan ni."

Na sunkuyar da kai.

"Ba zan ce ki daina jin magana ba, kunnenki ne. Abu ɗaya nake so. Jiya da na tambaye ki yaushe kika rubuta, kin gaya mini gaskiya duk da ba ta yi miki kyau ba. Shi ya dawo da ni. Duk ran da na tambaye ki abu, ki yi mini haka."

Na ce na yi alkawari. Da zuciya ɗaya na faɗa, na kwanta ranar ina jin an sauke mini dutse.

Ranar Asabar da hantsi ina wanke kwanuka ƙanwata ta shigo kicin da gudu, waya a hannu. "Yaya, wasanki ya fashe. Dubi yawan masu turawa."

Guntun bidiyo ne na daƙiƙa arba'in, dattijo a kujera, saurayi a durƙushe. Mai talla ce ta saka da sassafe. Ni da Darakta mun gama maganarmu a ofis, ba wanda ya tuna da ita, ita kuma aikinta ta yi, ta zaɓi wuri mafi kyau. Hannuna da kumfa na kira ta, ta sauke shi nan take tana ta ba ni haƙuri, amma ya riga ya yi awa uku a waje. Ina tsaye sai saƙonsa ya shigo.

"Yaya ta tura shi zauren hirar 'yan gidanmu na waya. Ta rubuta, ga wasan amaryarmu. Mama ta buɗe."

Na rubuta, "Ta ce wani abu?"

"Ba ta ce ba. Tana gyaran wake."

Bayan azahar wayata ta yi ƙara, lambar mahaifiyarsa. Na tashi tsaye kafin in ɗauka, kamar tana ganina. Muka gaisa, ta tambayi Umma da Abba da jikin Goggo. Sannan ta ce, "'Yata, gobe ki zo ki sha shayi da ni, kin kwana biyu."

Umma ce ta zaɓar mini kaya, doguwar riga ruwan zuma da farin mayafi, ta ce in cire wannan agogon roban. Shi ya zo ya ɗauke ni, duk hanya ba mu yi magana goma ba. Falon nasu ƙarami ne, tsaf, da labule mai ruwan madara da wata kujerar katako a kusa da taga wadda ba wanda ke zama a kai. Mama 'yar ƙaramar mace ce, gilashinta rataye da sarƙa a wuya. Muna zama ta ce masa maganin hawan jininta ya ƙare, ya je can kantin da ke bayan asibiti, na kusa ba sa ajiye irinsa. Ya dube ni, ya dube ta, ya ɗauki makulli.

Ta zuba mini shayi da kanta, ta tura mini sukari, ta jira har ƙarar motarsa ta ɓace.

"Tsohon nan naku ya iya wasa," ta ce. "Sai dai da hannu ɗaya malam yake kamawa, na hagu. Na daman ya riga ya mutu a lokacin."

Na ajiye kofin a kan faranti.

"Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin da kicin, kuma akwai 'yar taga a sama. Wata takwas ina haɗa abin kari ina jin su. Kullum sai ya tambaya, kullum yaron nan sai ya ce ɗan maƙwabta ne. Wani lokaci in kashe murhu in tsaya, sai na ji an fara zancen takalmi ko hula sannan in ci gaba."

"Mama, ki yafe mini."

"Bari in gama. Ran da ya cika na tambaye shi, ni ma ban san dalilin da ya sa na tambaya ba. Ya ce ya kira sunansa. Na dubi yaron nan, bai yi barcin kirki ba wata takwas, ya ɗauko ƙarya ya miƙo mini da ladabi don in samu abin riƙewa. In ce masa ba na so? Na karɓa. Shi ya sa kowa ya zo nake ba shi labarin a gabansa, don ya ga ta yi amfani."

Hawaye na zuba, ita ko ɗigo. Ta miƙo mini hankici daga hannun kujera.

"An ce kin cire."

"Na cire."

"Kin kyauta. Da ba ki saka ba da ya fi. Ba duk abin da aka ajiye a hannunki ne naki ba, 'yata." Ta gyara zaman gilashinta. "Ban kira ki don faɗa ba. Yanzu yana dawowa zai tambaye ki ko na gane. Ki ce ban gane ba."

"Mama, shekaranjiya na yi masa alkawarin duk abin da ya tambaye ni zan gaya masa gaskiya. A kan haka ya haƙura."

Ta dubi kujerar katakon.

"Bai samu komai daga ubansa ba sai wannan wata takwas ɗin, su ma da sunan ɗan wani. Abin da yake ganin ya yi daidai a duk lamarin shi ne ya kare ni. In ya san ina ji, ya san kullum uwarsa na tsaye tana sauraron ubansa yana cewa ba ya zuwa. Ba zai ɗauka ba, ni na haife shi." Ta dafa gwiwata. "Alkawarinku tsakaninku ne, ba zan shiga ba. Ni dai roƙo na yi."

Da ya dawo ta karɓi maganin, ta ce ya daɗe, ta tsokane shi cewa kawunnansa na ta tambayar ranar da za su je wurin Abba, ko sai sun tsufa. Ta rako mu har bakin ƙofa, ta cusa mini turare a jaka, ta ce in gaida Umma.

Muka shiga mota. Ya saka makulli bai murɗa ba. Ya cire gilashinsa, ya riƙe shi a hannu, ya manta bai goge ba.

"Me ta ce?"

"Ta ce tsohon ya iya wasa."

"Shi ke nan?"

"Ta ce in rage sa sukari."

"Marubuciya." Muryarsa ta yi ƙasa. "Tambayarki nake. Ta gane?"

Ta saman kafaɗarsa ina hango tagar falon, labulen ya ɗan ɗage, tana tsaye. Na dubi fuskarsa ba gilashi, idon nan da ya kwana biyu bai huta ba. Ina son mutumin nan, masu karatu, ban taɓa sanin yawan son ba sai a wannan kujerar.

"Ba ta gane ba," na ce.

Ya saki numfashi, ya kifa goshinsa a kan sitiyari, yana ta alhamdulillahi a hankali. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago ya mai da gilashinsa, ya yi mini murmushin farko tun ranar Alhamis.

"Da wani ne ya faɗa da ban yarda ba," ya ce, ya ta da mota. "Amma ke na yarda da ke."